Ɗan Masunci Da Ƙofar Jami'ar Zariya

Akwai wani yaro a Nguru, ɗan masunci, wanda ya ƙudura a ransa sai ya karanta aikin likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Cinikin kifin wata guda mahaifinsa ya tara ya biya masa kuɗin jarrabawa. Maƙwabta suka ce, "Ai ɗan Yobe ne, gurbinsa na nan ajiye."

To, a nan kuskuren yake. Gaskiya ne jami'o'in Tarayya kan ba cancanta kashi 45 cikin 100 na gurabensu, 35 ga jihohin yankinsu, 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilmin zamani, har da Yobe. Amma rabon nan jihohi da yawa ke kokawa a kansa, kuma ba ya isa hannun kowa sai mai kiredit biyar, har da Turanci, da kuma Lissafi ga mai neman aikin likita irinsa, da maki mai kauri cikin 400 na JAMB.

Malaminsa ya ce, "Ɗana, kada ka raina Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ga ta kusa da gida tun 2013." Yaron ya yi godiya, ya riƙe shawarar, sa'an nan ya jawo fitila da littafinsa. Allah Ya ba shi sa'a, amin.