Rozariyo, birnin hatsi inda maƙerin makulli ya kama mutuwar tauraro

Matafiyin da ya bar Buwenos Aires, babban birnin ƙasar Arjantina, ya nufi arewa maso yamma, zai ci wajen kilomita 300 kafin ya shiga Rozariyo. Hanyar ta ratsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda ba tudu ba dutse, gonakin masara da alkama da waken soya dama da hagu har iyakar ganin ido. Lokacin kaka, manyan motoci shaƙe da hatsi su ne abokan tafiya, kuma kusan dukkansu bakin kogin Parana suka nufa.

Rozariyo na zaune bisa gaɓar yamma ta wannan kogi, kuma da shi take ci. Jiragen ruwa masu ratsa teku suna hawowa har nan su yi lodi gaban dogayen rumbunan siminti da masana'antun tatsar mai. Tun shekarar 1884 ƴan kasuwar garin suka kafa zauren cinikin da ake yanke farashin hatsi cikinsa. Nan ne kuma Janar Manuwel Belgrano ya fara ɗaga tutar ƙasar a 1812, abin da ya sa aka gina babbar hasumiyar tunawa da aka buɗe a 1957. Masu son ƙwallo sun san garin ta wajen Liyonel Mesi, wanda aka haifa nan a 1987.

Da faɗuwar rana fitilun tituna da na tashar jirage sukan kama, sama ta yi fari-fari, ƙananan taurari su ɓace. Don gudun irin wannan haske ne ake kafa manyan madubban hangen nesa can bisa duwatsun hamadar Cile, nesa da gari. Amma duk da haka Rozariyo na da gidan kallon taurari na gari cikin lambun Urkiza, tana kuma da mutanen da ke kwana bisa soro ba don albashi ba, sai don sha'awa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Biktor Buso, mai sana'ar gyaran kwaɗo da yanka makulli. Saman gidansa ya gina ɗakin kallo, ya kafa madubin hangen nesa mai faɗin santimita 40. Abin da yake nema shi ne hoton galaksi, wato garken taurari dubban miliyoyi da ke tattare wuri guda, irin garken da ranarmu take ciki. Nisan waɗannan garkuna ya sa haskensu ke isowa a raunane, ido ba ya kama shi. Sai an buɗe na'urar ɗaukar hoto ta yi ta tara shi, kamar mai tarbar ruwan indararo. Tun da duniya juyawa take, wajibi ne inji ya riƙa karkata madubin sannu-sannu yana bin sama, in ba haka ba taurarin su fito zane-zane. Cikin gari kuwa ba a barin na'urar buɗe da daɗewa, don hasken fitilu zai cika hoton. Dabarar ita ce a ɗauki gajerun hotuna da yawa, kwamfuta ta ɗora su bisa juna, har hannuwan garken su fito.

Daren 20 ga Satumba 2016, Buso ya ɗaura sabuwar na'ura ga madubinsa yana son gwada ta. Ya saita ta ga wani garke da masana ke kira NGC 613, wanda haskensa ke tafiyar sama da shekaru miliyon 60 kafin ya iso nan, alhali haske na cin kilomita 300.000 cikin daƙiƙa guda. Ya shiga ɗaukar hotuna, kowane na daƙiƙa 20. Na farkon ba su nuna komi ba sai garken yadda aka san shi. Can sai wani ɗan ɗigo ya bayyana gefe, inda da babu shi, kuma daga hoto zuwa hoto yana ƙara haske. Da taimakon wani abokinsa mai irin wannan sha'awa ya aika da labari ga masana.

Abin da ya kama shi ne farkon fashewar wani ƙaton tauraro. Idan irin wannan tauraro ya cinye makamashinsa, cikinsa yakan rufta, girgizar ta taso ta keta jikinsa har ta huda fatarsa da walƙiya. Wannan walƙiya ta farko ba ta daɗewa, kuma ba wanda ya san wane tauraro ne zai fashe, ko yaushe. Saboda haka masana suka daɗe suna neman ta. Malama Melina Bersten ta cibiyar nazarin taurari ta La Plata, wadda ta jagoranci binciken, ta kiyasta cewa dacewa da irin wannan ba ta wuce sau ɗaya cikin miliyon 10 ba. Aka sa ma fashewar suna SN 2016gkg, manyan madubban Amurka su ma suka juya gare ta.

Fitilun da suka hana Buso dogon ɗauka su ne suka yi ma binciken rana. Da yana cikin duhun daji ya bar na'urar buɗe da daɗewa, da tashin hasken ya cure cikin hotuna kaɗan. Gajerun hotunan nan kuwa, kowane da lokacinsa rubuce, sun nuna yadda hasken ya hau mataki-mataki, suka ba masana abin gwada lissafinsu. Amma da bai saba duba kowane hoto nan take ba, kamar yadda yake duba haƙoran makulli, da ɗigon ya wuce ba a sani ba.

A watan Fabrairu 2018 mujallar kimiyya ta Nature ta buga sakamakon. Cikin jerin sunayen marubutan, tsakanin malaman jami'o'in Arjantina da Japan da Amurka, akwai sunan maƙerin makulli na Rozariyo.