Rabin Awa Bayan La'asar

Ranar 30 ga Maris, 2020 aka kulle Abuja saboda korona. Maza suka ce hutu ya samu. Mu kuwa a Kubwa tukunya ba ta sauka daga wuta, yara ba makaranta, ga zafi, ga azumi a ƙarshen Afrilu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin zuwa unguwa: ba biki, ba suna. Ashe a can muke amayar da damuwarmu.

Sai na ware wa kaina rabin awa bayan La'asar. In kashe rediyo, in ƙunsa lalle, in kira yayata a Zariya mu sha hira. 'Yar'uwa, ke ma ki ware naki, ko babu annoba.