Ba a sauya sanda a tsakiyar hanya

Duk mai aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa yakan wayi gari wata rana ya tarar da saƙo yana ce masa lokaci ya yi da zai bar tsohuwar babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, ya koma sabuwa. Ga mai ido lamarin bai wuce sake shafen ɗaki ba: ya yi ƴan kwanaki yana laluben inda aka mai da kaya, sannan ya saba. Ga makaho irina, wanda ke koyarwa kuma yake shirya darussansa da kunne, shawara ce da ake kwana a tashi da ita.

Abin da ke tsakanina da allon na'ura murya ce. Wata manhaja mai suna NVDA ke karanta mini duk abin da aka rubuta, ta faɗa mini inda nake da harafin da na taɓa. Wani makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, ya fara ƙera ta a 2006, James Teh ya kama masa, kuma kyauta ake ba da ita. Wannan ya sa ta shiga hannun irinmu da ba za su iya sayen JAWS mai tsada ba. Sai dai muryar a kan babbar manhaja take zaune. In aka taɓa tushen, tana iya canza hali, tana iya yin shiru. Na'urar da ta yi shiru kuwa, a wurina ba ta da bambanci da faifan katako.

Akwai kuma dukiyar da ba a gani. Da muryar Faransanci nake sauraron rubutun Hausa, ita kuwa ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Shekara da shekaru ina cika ƙamus ɗinta na furuci, kalma bayan kalma, har ta daina rikita "ƙasa" da "kasa". Ƴan yatsuna ma sun haddace hanyoyinsu. Shi ya sa zuciya kan ce a zauna inda ake, tunda da tsohuwar zuma ake magani.

To amma zaman ma yana da iyaka. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a watan Afrilu na 2014, ya saki Windows 7 a Janairu na 2020, sannan wa'adin Windows 10 ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka gida ne marar ƙyaure, ga shi a cikin na'urata akwai makin ɗalibai da takardun jarrabawa. Masu karanta allo su ma ba sa jiran kowa: NVDA ta rabu da XP a 2017, kuma fitowarta ta 2024 ba ta aiki a kan Windows 7. Wanda ya kafe a baya, sannu a hankali shafukan intanet za su daina yi masa magana. Wani cikas kuma shi ne Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021, tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, alhali da yawa daga tsofaffin na'urorin da muke saye na hannu ba su da shi. Sauyin yakan zama maganar kuɗi.

Saboda haka tambayar da nake yi wa kaina ita ce yaushe, kuma na ɗauki darasi daga manoma. Manomin kirki ba ya zuba irinsa duka a ruwan farko. Yakan tona ƙasa ya ji inda laima ta kai. Ni ma nakan bar sabuwar manhaja ta yi watanni a hannun wasu, in saurari abin da makafi ƴan'uwana suka tarar, in tabbata ƙananan kayan haɗi na NVDA da na dogara da su an daidaita su. Ba na taɓa na'ura a tsakiyar shekarar karatu, balle gab da jarrabawa. Ba na taɓa ta a bazara, lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa, domin yankewar wuta ana cikin ɗora manhaja tana iya lalata aikin duka. Babban hutu nake jira, in sami makonni na sake koyon hanya kafin komawar Oktoba.

Ranar da na sa, sai na shirya mafita tukuna. Nakan kwashe takarduna da ƙamus ɗin furuci, in ajiye NVDA mai tashi da kanta a ɗan kile na USB. Tun 2017 ana iya tayar da Narrator, muryar da ke cikin Windows, tun ana cikin ɗora manhajar, ta hanyar danna Ctrl da Windows da Enter tare. Wanda ya hau Windows 11 daga Windows 10 yana da kwana 10 na komawa baya in abin bai karɓe shi ba. Duk da haka nakan roƙi wani mai ido ya zauna kusa da ni, kuma ban ɗauki wannan abin kunya ba. Sa'a biyu na taimako sun fi wata guda na dogaro da mutane a karanta mini kowace wasiƙa.

Ina kira ga malamai da ƙungiyoyin da ke raba na'urori ko kula da ɗakunan kwamfuta a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. In akwai makaho cikin masu amfani da su, kada a sabunta masa na'ura da dare don a kyautata masa, ya zo da safe ya tarar da baƙon gida. A tambaye shi, a zaɓi rana tare da shi, a gwada muryar kafin a tashi. Shi ne zai bi wannan hanya kullum, shi ya kamata ya faɗi ranar da zai karɓi sabuwar sanda.