Squid Game 2: Shekara uku ana jira, sai aka ce a haɗu a zango na 3

RANAR Alhamis, 26 ga Disamba, 2024, wani matashi mai shagon tura fina-finai a waya a cikin birnin Kano ko karin kumallo bai tsaya ya yi ba. Tun da hantsi ya na gaban kwamfutar sa, samari sun cika benci ana jiran zango na biyu na Squid Game. Dalilin zumuɗin sa kuwa, shi ya ɗaure kan sa da bakin sa. Wata guda kafin nan ya rubuta a allon ƙofar shago cewa duk wanda ya kalli na biyun ya ga bai fi na farko ba, ya dawo ya karɓi kuɗin sa. Wani dattijo mai shayi da ke maƙwabtaka da shi ya ce masa, "Yaro, ba a cinikin biri a sama." Ya ce, "Baba, wannan birin a hannu ya ke."

Ba za a ga laifin sa ba. Wanda ya kalli zango na farko da Netflix su ka saki a ranar 17 ga Satumba, 2021, ya san abin da ya gani. Mutum 456 da bashi ya yi wa katutu a Koriya ta Kudu aka kwasa zuwa wani tsibiri, a na sa su wasannin yara, wanda ya faɗi a harbe shi, kuma ran kowane mamaci ya na ƙara won miliyan 100 a cikin wani ƙaton asusu da ke rataye a saman su, har kuɗin ya kai won biliyan 45.6. A kwana 28 na farko an kalle shi na awa biliyan 1.65. A 2022 jarumin, Lee Jung-jae, da daraktan, Hwang Dong-hyuk, kowa ya ɗauki kambin Emmy. Shi mai shagon abin da ya kama shi ba wannan lissafin ba ne. Ali ne, ɗan Pakistan ɗin nan mai lamba 199, wanda Sang-woo ya cika wa jaka da tsakuwa ya bar shi ya na kiran sunan sa har aka harbe shi. Ya ce tun da ya ke kallon fim, har na Indiya, bai taɓa kashe waya ya fita shan iska ba sai a wannan wurin.

To amma akwai abin da bai sa a lissafi ba. Shi Hwang bai rubuta labarin don ya yi masa ci-gaba ba. Tun a 2009 ya kammala rubutun, ya yi kusan shekara goma furodusoshi na juya masa baya, kuma da aka zo ɗaukar na farkon ya ce wahala ta zubar masa da haƙora takwas ko tara. Da BBC su ka tambaye shi abin da ya dawo da shi, bai ɓoye ba, ya ce kuɗi ne, don bai samu wani abin kirki a na farkon ba duk da kasuwar da ya yi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zai yi amfani a gaba.

(Wanda bai kalla ba ya dakata a nan, don za a fasa ƙwai.)

Kashi na ɗaya ya ba mai shagon gaskiya. Gi-hun, wanda ya fasa hawa jirgin Amurka a ƙarshen zangon farko, ya shafe shekara biyu ya na biyan mutane su na bin tashoshin jirgin ƙasa na birnin Seoul su na neman ɗan kwat ɗin nan mai marin mutane, wato Gong Yoo. Da aka gano shi, sai aka gan shi ya sayi burodi 100 da katin caca 100, ya shiga wani lambu inda marasa galihu ke kwana, ya na ce wa kowa ya zaɓi ɗaya. Mutum da yunwa a cikin sa, amma kusan duk katin su ka ɗauka. Da su ka kankare ba su ci komai ba, sai ya zube burodin a ƙasa ya bi shi da takalmi ya na tattakewa. Daga nan aka zo zaman sa da Gi-hun, bindiga ɗaya, harsashi ɗaya, kowa ya ɗora a kan sa ya ja kunama. Shagon ya yi tsit, ko tari babu. Gong Yoo ya cinye wannan kashin shi kaɗai, kuma da ya mutu sai da fim ɗin ya yi kashi biyu bai farfaɗo ba.

A nan mai shagon ya fara gyara zama. Kashi bakwai ne kacal a zangon, maimakon tara na farko, amma ba a shiga filin wasa ba sai a kashi na uku. Ga kuma ɗan sandan nan Jun-ho da aka sa a jirgin ruwa ya na ta bulayi a teku ya na neman tsibiri. Duk sanda labari ya ɗau zafi sai a yanko shi, shi da kyaftin ɗin da ko yaro ya san munafuki ne. Wani daga cikin samarin ya ce a dinga tura wajen gaba, kuma babu wanda ya yi masa musu.

Da aka koma tsibirin ma, tsoron nan na 2021 bai dawo ba, kuma ba zai yiwu ya dawo ba. 'Yar tsanar nan mai juya kai ta riga ta zama abin wasan yara a TikTok. Abin da ya ceci wajen shi ne Gi-hun da ya tsaya a gaba ya na ihu kowa ya daskare, shi ya san abin da ke tafe, su kuma su na masa kallon mahaukaci. Sai kuma ya bugi ƙirji ya ce wasa na biyu na alewar sukari ne, kowa ya zaɓi mai kusurwa uku. Aka buɗe ƙofa, ashe an canza wasa! Mai shagon ya ce kallon da 'yan wasan su ka yi wa Gi-hun a wurin, irin sa ya fara gani a idon kwastomomin sa.

Sababbin wasannin ba laifi. Na ɗaure ƙafafun mutum biyar ya na da armashi, musamman da aka zo kan wanda ya yi kama da carafken 'yan mata. Na dandamalin da ke juyawa, a kira lamba a ruga ɗaki, shi ne ya fi tada hankali, don daga 255 sai da aka koma 100. 'Yan wasa kuma akwai na tunawa: tsohuwa mai lamba 149 da ɗan ta ɗan caca mai 007, da yarinya mai ciki mai 222, da mawaƙin nan Thanos mai gashi launin shunayya wanda rabin shagon ke so rabi ke jin haushi. Amma a cikin su babu wanda aka ba lokacin da aka ba Ali ko Sae-byeok. An gabatar da su ne kamar kayan da aka ajiye sai wata kasuwar.

Abu ɗaya ne zangon nan ya fi na farko da shi, kuma babba ne: ƙuri'a. A na farko sau ɗaya aka yi zaɓe, 101 su ka rinjayi 100 aka tafi gida hannu rabbana, sannan 187 su ka dawo da ƙafar su. A na biyu kuwa bayan kowane wasa sai an kaɗa ƙuri'a, kuma idan masu cewa a tsaya su ka yi rinjaye, za a raba abin da ke asusun kowa ya kama gaban sa. Mai son a ci gaba ya danna O, mai son gida ya danna X, a manna masa a ƙirji kowa ya gani. Bayan wasan farko mutum 91 sun mutu, saura 365, rabon kowa bai kai won miliyan 25 ba. To ina wannan zai kai mai lamba 100, wanda ake bi won biliyan 10? Sun ga jini da idon su, sun taka gawa, amma aka tashi 183 da 182, masu O su ka ci. Wanda ya raba gardamar kuwa mai lamba 001 ne, wato shi kan sa bos ɗin mai baƙar fuska, Lee Byung-hun, wanda ya cire fuskar ya shigo cikin 'yan wasa ya zama aminin Gi-hun. 'Yan kallo sun san ko wanene, akta bai sani ba. Wasu sun ce wautar Gi-hun ta yi yawa, tunda lamba 001 ta taɓa cin amanar sa. Gaskiya ne, amma kallon da Lee Byung-hun ke masa ta gefen ido kaɗai ya isa kuɗin data.

Wannan waje na ƙuri'a shi ya hana mai shagon barci, kuma bai gaya wa samarin dalili ba sai daga baya. A shekarar ya zuba jarin shagon a wata harkar kuɗin intanet. Ya ga riba ta fito, yayan sa ya ce ya cire, ya ce bari dai a ƙara sati ɗaya. Satin bai ƙare ba aka rufe shafin. Don haka da ya ga masu O su na tsalle su na cewa wasa ɗaya kawai za a ƙara, bai ga mugaye ba, kan sa ya gani. Mai burodi da katin caca tun a kashi na ɗaya ya gama faɗar abin da zangon ke son faɗa. Masu jajayen kaya ba su buƙatar tilasta kowa, tunda talakan da bashi ya shaƙe zai danna da hannun sa, kuma ya tsani ɗan'uwan sa da ya danna ɗayan.

Shi kan sa Gi-hun bai fita da tsabta ba. Da zaɓe na uku ya tashi 50 da 50, ya san masu O za su afka wa masu X da dare, sai ya ce da mutanen sa su ɓuya a ƙarƙashin gado, a bar raunana a kashe, don su samu damar ƙwace bindigogin masu gadi. Mutumin da ya dawo don ya ceci rai, ga shi ya na lissafi da rayuka kamar masu wasan. Nan fim ɗin ya kai inda ya kamata ya tsaya ya yi bayani. Maimakon haka sai aka shiga harbe-harbe a kan matakala kamar fim ɗin Amurka, harsashi ya ƙare, bos ya maida fuskar sa ya harbe Jung-bae a gaban abokin sa, sai ga sunaye su na hawa.

Tirƙashi! Wani ya ce ko dai ba a tura masa duka ba ne? Mai shagon ya duba, ya sake dubawa, bakwai ne. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san wannan takaicin, lokacin da fim ɗin Hausa zai kai daidai inda kishiya ta ɗaga kwanon guba, sai a rubuta a haɗu a kashi na biyu. Bambancin kawai, a can furodusa na jiran kuɗin na ɗaya ya dawo ne kafin ya fitar da na biyu. A nan kuwa labari ɗaya aka rubuta, aka ɗauki zango na biyu da na uku a jere, sannan aka raba shi gida biyu. Ta fuskar kasuwa dabarar ta ci, don a kwana huɗun farko Netflix sun ƙirga kallo miliyan 68. Ta fuskar ɗan kallo kuwa, rabin tuwo aka ba shi bayan shekara uku da wata uku ya na wanke hannu.

Washegari mutum shida su ka zo karɓar kuɗin su, ya ba su bai ce uffan ba. Na bakwai ya zo, su ka yi awa guda su na musu a kan ko da su ne a wurin O za su danna ko X, har ya manta abin da ya kawo shi. Mai shayi ya leƙo ya ce, "Yaro, ina birin?" Ya ce, "Baba, rabin sa aka aiko."

Sauran rabin ya iso ranar Juma'a, 27 ga Yuni, 2025, kashi shida. A wannan karon allon ƙofar shago sunan fim kawai ya ɗauka. Gi-hun ya ba da ran sa don jaririyar mai lamba 222 ta rayu, aka tarwatsa tsibirin, Jun-ho ya iso bayan an gama komai. A minti na ƙarshe sai ga bos a cikin mota a Los Angeles, ya hango Cate Blanchett a wani lungu sanye da kwat, ta na sharara wa wani bawan Allah mari. Ba a ko gama nuna sunaye ba, ɗaya daga cikin mutum shidan nan ya miƙo wayar sa ya ce idan na Amurkan ya fito a ajiye masa.