Zauren mai gari

A wani ƙaramin ƙauye na jihar Maraɗi akwai zaure a ƙofar gidan mai gari. Da laka aka gina shi, aka rufe shi da azarar giginya, domin gara ba ta cin ta da wuri. Ƙofofinsa biyu ne: ɗaya tana kallon dandali, ɗaya tana shiga cikin gida. A ciki babu komai sai tabarmi, da buzun mai gari, da randa da moɗarta.

Duk abin da ya shafi gari, a nan ake faɗinsa. Idan baƙo ya zo da dare, a zaure yake kwana, a kawo masa tuwo da ruwa. Idan ma'aikatan lafiya sun zo yin allurar rigakafi, a ƙofar zaure mata ke jeruwa da goyonsu. A nan ake karɓar lanho. A nan ake tsai da ranar gayya da ranar yasar rijiya.

Bayan shekarar 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya a Nijar. Garuruwa da yawa suka gina gidan samariya, inda matasa ke taro da wasanni. Bayan 1990 aikin samariya ya ja baya, wasu daga cikin gidajen suka zama kango. Shi kuwa zauren ƙauyen nan yana tsaye, domin kullum da mutane a cikinsa.

Wata kaka, tun ba a gama kwashe hatsi ba, shanun wani makiyayi suka shiga gonar wata tsohuwa da dare. Tsohuwar ba ta da miji, jikoki uku take riƙo. Da gari ya waye, ta tarar an cinye mata dammuna. Ta zauna a bakin gona tana kuka. Samari suka ji labari, suka ɗauko sanduna, suka nufi ruga.

Mai gari ya aika mai shela da gudu. Mai shela ya buga ganga, ya ce: "Mai gari yana kiran kowa zaure! Wanda ya zo, ya aje sandarsa a waje!"

Samari suka dawo suna gunaguni. Aka kira arɗo da mai shanun. Liman ya zo, malamin makaranta ya zo da takarda da alƙalami. Aka sa jikan tsohuwar, ɗan aji huɗu, ya riƙa ba mutane ruwa. Kafin kowa ya yi magana, sai da ya sha daga moɗa ɗaya.

Tsohuwa ta fara. Ta ce: "Ranka ya daɗe, abin da za mu ci har damina ke nan. Yanzu me zan ba marayun nan?"

Mai shanu ya sunkuyar da kai, ya ce: "Gaskiya ne, Inna, shanuna ne. Barci ya ɗauke yarona."

Arɗo ya ce: "Allah ya ba ka nasara, ɓarna mun yi, kuma za mu biya. Amma a je a dubi burtali. A da, garke yana wucewa ba ya taɓa gonar kowa. Yau saniya biyu ba su jerawa a cikinsa."

Zaure ya yi tsit. Kowa ya san kowace shekara manoma na ƙara ɗan taki ɗaya cikin hanyar dabbobi. Wasu daga cikin samarin nan masu sanduna, gonakin ubanninsu ne suka ci burtalin.

Mai gari ya tashi dattawa huɗu, biyu manoma, biyu makiyaya. Suka je gona, suka ƙirga ɓarna: dami shida. Suka bi burtali, suka ga inda aka matse shi. Da suka dawo, aka shirya: mai shanu zai biya dami shida kafin Juma'a, manoma kuma za su mai da burtali yadda yake, a dasa aguwa a kan iyaka. Bayan an saki gonaki, shanu za su zauna a gonar tsohuwa su ba ta taki.

Malamin makaranta ya rubuta, ya karanta da ƙarfi, kowane ɓangare ya dangwala yatsa. Dokar ƙasa ta yarda da irin wannan sulhu. Tun 1993 Nijar ke da dokar karkara, wadda ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigimar gona da kiwo kafin a je wurin alƙali.

Liman ya yi fatiha. Samari suka fita, kowa ya ɗauki sandarsa, ya tafi gida.

Kowace shekara, kafin ruwan farko, mutanen ƙauyen suna yi wa zauren yaɓe. Maza na kwaɓa laka, mata da yara na kawo ruwa, magina na gyara indararo. A shekarar nan, makiyayin ya kawo ruwa a kan jakinsa. Jikan tsohuwa ya tambayi mai gari: "Baba, don me ake yaɓe, alhali bango bai faɗi ba?"

Mai gari ya nuna masa wata ƴar tsaga, ya ce: "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Miƙo lakar nan, ɗana."

Tambayoyi
1. Waɗanne ayyuka ake yi a zauren mai gari?
2. Don me zaure ya yi tsit da arɗo ya yi magana?
3. A ina mutanen garinku ke taruwa? Wa ke gyara wurin?