Gwamna Ya Ce Doka Ce

Ran nan bayan sallar lisha, gardama ta kaure a ɗakinmu tsakanina da wani abokina mai karatun Tarihi, a kan wani gwamna na ƙasar Amurka. Har yau maganar ba ta sake ni ba, shi ya sa na kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu.

A Jihar Tennessee an yi wani mutum wai shi Nathan Bedford Forrest. Kafin yaƙin basasar Amurka fataucin bayi yake yi a birnin Memphis, da shi ya tara dukiya. Da yaƙi ya ɓarke sai ya zama janar a rundunar Kudu, masu son bauta ta ɗore. A 1864 dakarunsa suka ci sansanin Fort Pillow, suka karkashe sojoji baƙar fata masu yawa bayan sun miƙa wuya. Bayan yaƙi kuma shi aka fara naɗawa shugaban Ku Klux Klan, ƙungiyar nan ta fararen fata da ta gallabi baƙaƙe da kisa. To, wannan taliki aka kafa wa mutum-mutumi a ginin majalisar jihar a 1978, doka kuma ta ɗora wa gwamna sa hannu kowace shekara a takardar shelar 13 ga Yuli, ranar tunawa da shi.

A 2019 Gwamna Bill Lee ya sa hannu. Da 'yan jarida suka tambaye shi, sai ya ce doka ce ta sa shi, bai kuma duba batun sake ta ba. Wato bai yabi Forrest ba, bai kushe shi ba.

Abokina ya ce daidai ne, gwamna uban kowa ne, bai kamata ya ɗauki ɓangare ba. Na ce, malam, uban da ya tarar babban ɗansa ya danne ƙaramin, ya ce shi ba ya shiga faɗan yara, wa ya taimaka? Yana shirun nan gunkin na tsaye, 'yan majalisa baƙar fata, jikokin bayi, ta gabansa suke wucewa su shiga aiki. Kuma da surutu ya yi yawa, har Sanata Ted Cruz ɗan jam'iyyarsa ya ce a sake dokar, ba a daɗe ba gwamnan ya ce zai nemi a gyara ta. A 2020, bayan kisan George Floyd, shi da bakinsa ya nemi a kau da gunkin, a 2021 aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. Ashe dai yana da baki tun farko.

Ina cikin jin na yi nasara sai abokin nan ya ce, "Kai fa, bara?"

Jikina ya yi sanyi, don ni na ba shi labarin. Wani saurayi ya nemi auren 'yar baffana, suna son juna ainun, sai aka tono wai kakan kakansa bawa ne. Baffa ya kira ni zaure, ya ce, "Kai da ke jami'a, me ka gani?" Na san abin da na gani sarai. Amma na sunkuyar da kai, na ce, "Baffa, maganar manya ce."

Aka mayar wa yaron kayansa. Da aka ɗaura mata aure da wani, ni na raba goro.