Cennai, Garin Da Ake Ɗinke Zuciyar Yara

'Yar'uwa mai karatu, da an ce Indiya na san abin da ke faɗo miki a rai: rawa da waƙa a cikin furanni. To Cennai ba haka take ba. Birni ne na bakin teku a kudancin ƙasar, hedkwatar jihar Tamil Nadu, Madras ake ce masa kafin a sauya sunan a 1996. Zafinsa mai gumi ne, ki yi wanka ki fito kamar ba ki yi ba. Ɗan Indiyancin da kika tsinta a fim kuwa ba zai saya miki ko ruwan kwakwa ba, don su Tamil suke yi. Keke mai ƙafa uku, ruwan ɗorawa, ko'ina sai ka ce Kano.

Rakiyar yayata na yi, da ɗanta mai huda a zuciya. Ba mu kaɗai ba ne, kusan jariri 1 cikin 100 da matsalar zuciya ake haihuwarsa, shi ya sa asibitocin garin ba sa rabo da baƙi daga Afirka.

Wurin da na fi sani a Cennai ba bakin tekun Marina ba ne, duk da mun je sau ɗaya mun sha iska. Benci ne a ƙofar ɗakin kulawa ta musamman, inda iyaye mata ke zama jugum. A nan za ki ga abin mamaki: yara biyu an yi musu aiki rana ɗaya, ɗaya kwana biyu an fito da shi yana neman nono, ɗayan mako biyu yana kan injin numfashi. Sai da na dami likitoci da tambaya kafin na gane dalili.

Wani abin ba a hannun uwa yake ba. Jariri sabon haihuwa, ko bakwaini, ko mai lalurar da ake kira Down, jikinsa ya fi jinkirin farfaɗowa. Haka idan gyaran mai wuya ne. Lokacin aiki ana tsayar da zuciyar, wani inji ya karɓi aikinta da na huhu, kuma iya daɗewar yaro a kan injin nan iya wahalar da ƙoda da huhunsa za su sha.

Amma wallahi abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda muke tahowa da shi daga gida, wato jinkiri. Idan hudar babba ce, jini yana kwarara cikin huhu fiye da kima, a hankali jijiyoyin huhun su yi kauri su ƙanƙance. Shi ya sa aka fi son a toshe irin wannan tun yaro bai cika shekara ba. Mu kuwa sai an gama cewa haƙori ne, an gama jiƙe-jiƙe, yaro ya shekara uku ko huɗu. A lokacin ko an ɗinke zuciyar, huhun ne zai riƙe shi a gado, wani ma a ce aikin ba zai yiwu ba sam. Alhali alamun suna nan tun farko: jariri ya kama nono ya saki yana haki, gumi a goshi, leɓe ya yi shuɗi, ciwon ƙirji yau da gobe, ga shi ba ya ƙiba.

Ramar ma matsala ce mai zaman kanta. Yaron da ba shi da ƙwari ɗinkinsa ba ya saurin kamewa, ƙwayoyin cuta kuma sun fi samun sa. Hatta ruɓaɓɓen haƙori sai an duba kafin a shiga da yaro, don cutar baki tana iya bin jini ta sauka a zuciya.

A masaukinmu akwai wata baiwar Allah da aka ɗage wa 'yarta aiki saboda tari da zazzaɓi, aka ce sai ƙirjin ya washe ta kuma ƙara nauyi. Kullum da safe za ki gan ta da kofi da cokali tana lallashin yarinyar, da daddare kuma tana lissafin kuɗin ɗaki da kwanakin da suka rage a bizarta.